Tambayoyinku: AVX ko AVX2, wacce za ta shiga kwamfutata?

Assalamu alaikum. Tun da na faɗa a fitowar da ta gabata cewa akwai wata tsohuwar Dell a ƙuryar shagona da ba ta da aiki sai lissafin duwatsun sararin samaniya, saƙonni suka yi ta shigowa, har wani ya tako ƙafa ya zo shagon don ya gan ta da idonsa. Ga wanda bai ga waccan fitowar ba, zancen a taƙaice shi ne: masu bincike kan samu lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutocinsu, sai su gutsuttsura shi ƙunshi-ƙunshi su raba wa jama'a ta intanet, kwamfutarka ta yi nata kason a lokacin da ba ka amfani da ita, ta mayar da amsa. Manhajar da ta fi shahara a wannan aikin ita ce BOINC, wadda David Anderson da abokan aikinsa suka fitar daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002. Na zaɓo wasiƙu huɗu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Na sayi HP EliteBook 8470p ta hannu, mai Core i5-3320M. Na sa BOINC na shiga Asteroids@home, aikin nan na duwatsun sararin samaniya, komai na tafiya daidai har sati biyu. Sai wani abokina ya turo min wasu fayiloli ya ce na AVX2 ne da FMA, wai sun ninka sauri. Na zuba su tare da app_info.xml, fayil ɗin da ke sa BOINC ta yi amfani da su, kamar yadda ya nuna min. Tun daga nan duk ƙunshin da ya shigo ba ya wuce daƙiƙa uku sai ya mutu da lamba 0xc000001d, yanzu ma aikin da ƙyar ake ba ni. Na lalata kwamfutar ne?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Lambar nan da ka gani ita ce hanyar da Windows ke cewa an ba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, umarnin da bai san shi ba. Wani lokaci za ka gan ta a rubuce -1073741795, duk abu ɗaya ne. A Linux kuma sigina ta 4 ake kiranta. Abokinka riga ya ba ka mai kyau, sai dai ba a jikinka aka auna ta ba.

Bari in kai ka wajen mai masa, don nan na fi gane abin. Ka taɓa tsayawa da safe kana jiran masa ka lura da tandar? Wata gurbi huɗu gare ta, wata takwas, wata ma fiye. Zagaye ɗaya mai masa za ta yi da ludayi, juyi ɗaya, kwashewa ɗaya, amma mai gurbi takwas ta fitar da ninkin abin da mai huɗu ta fitar. To haruffan nan da ke ruɗa ka sunayen rukunin umarnin da furosesa ya iya ne, kuma girman tanda suke faɗa. SSE, da ta zo da Pentium III a 1999, faɗinta bit 128, wato umarni ɗaya ya yi aiki a kan lambobi huɗu a tare, in ƙananan lambobi ne masu bit 32. SSE2 ta biyo baya da Pentium 4, ta ba da damar yin haka da manyan lambobi masu bit 64, biyu-biyu, kuma duk furosesa na Intel ko AMD mai bit 64 yana da ita, shi ya sa ake mayar da ita ɗinkin kowa-da-kowa. A 2011 AVX ta iso da faɗin bit 256, gurbi takwas ke nan. A 2013 aka ƙaro AVX2 da FMA. Ita FMA dabararta ita ce ninkawa da tarawa a motsi ɗaya, kamar a ce mai masa ta zuba mai da ƙullu da hannu guda. Sai AVX-512 mai gurbi 16.

Mai rubuta manhaja zai iya fitar da ita iri-iri daga rubutu ɗaya: wannan ta tanda mai huɗu, wannan ta mai takwas. Wadda aka yi wa ƙaramar tanda za ta yi aiki a babba, asarar gurabe kawai za a yi. Wadda aka yi wa babba kuwa, in ka kai ta ƙarama, ƙullun a wuta zai zube. Abin da ya same ka ke nan. Furosesanka na ƙarni na uku ne, na 2012. Yana da AVX, ba shi da AVX2, ba shi da FMA, kuma babu wata manhaja da za ta ƙara masa su, domin a cikin ƙarfen suke.

Yadda nake ganewa a shago ba tare da na buɗe komai ba: a Core i3, i5 da i7, dubi lambar da ke bayan ɗan layin. Masu lamba uku irin su i5-520M sun tsaya a SSE4.2. Masu farawa da 2 ko 3, irin naka, AVX. Daga 4 zuwa sama, AVX2 da FMA. Amma a yi hattara da Celeron da Pentium. Shekara da shekaru Intel na sayar da su ba AVX ko kaɗan, har da ƙananan laftof ɗin nan masu N4000 da N4020 da suka cika kasuwa, waɗanda mutum zai ga sabbi ne fil ya ɗauka komai akwai. Ryzen kuwa duka suna da AVX2, ko da yake na farkon, na 2017, suna raba aikin bit 256 gida biyu ne su yi shi, don haka ribar ba ta kai ta na bayansu ba. AVX-512 ita ce mai ban dariya: Intel ƙarni na 11 na da ita, na 12 zuwa na 14 ba su da ita, AMD kuma ta shigo da ita a Ryzen 7000 a 2022. Sabunta ba ta tabbatar maka da komai a nan.

Kada ma ka dogara da haddata. Sauke CPU-Z, kyauta ce, ka dubi layin da aka rubuta Instructions, duk abin da furosesanka ya iya yana jere a wurin. A Linux buga lscpu. BOINC ɗin ma da kanta tana rubuta jerin a farkon littafin rahotonta duk lokacin da ta tashi. Wani tarko kuma ga masu riƙe da Windows 7 har yau: in ba a sa mata SP1 ba, AVX ba za ta yi aiki ba ko da furosesan na da ita.

Ba dariya nake maka ba, don ni ma na sha wannan ruwan. Lokacin ina da kafen intanet, zamanin SETI@home, aikin nan na sauraren sararin samaniya da aka fara a 1999 da bayanan babban faifan rediyo na Arecibo, akwai wasu 'yan sa-kai da ake kira Lunatics masu gyara manhajar ta ƙara gudu, kuma gyaransu na gaske ne, kowa ya shaida. Na sa wa sabuwar i5 ɗina ta AVX, na ga makin da ake ba mutum a kan aikin da ya gama na hawa, daɗi ya kwashe ni. Da daddare bayan an tashi na kwafe fayilolin a filashi na bi Core 2 Duo guda shida na zuba musu, na kulle shago na tafi gida ina lissafin matsayin da zan taka. Da safe na tarar da jan rubutu tun daga sama har ƙasa. Aikin kwana uku da kowacce ta tara ya ƙone cikin mintuna, datar da na saya da tsada ta tafi wajen sauke ƙunshin da ba a yi ba, yaron shagona kuma ya tsaya a bayana yana tambaya ko bairos ce. Na ce masa e, bairos ce. Har yau bai san gaskiya ba, sai in ya karanta wannan.

Ga gyaran. A cikin BOINC ka danna kada a ƙara ba ka sabon aiki. Rufe ta gaba ɗaya. Shiga C:\ProgramData\BOINC\projects, ka buɗe jakar aikin, ka goge app_info.xml da fayilolin abokin naka. Kunna BOINC, ka sake saita aikin daga farko, sannan ka buɗe karɓar aiki. Ƙarancin aikin da kake gani horo ne na ɗan lokaci: uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke rabon aikin, tana rage wa duk na'urar da ke dawo da kuskure kasonta na yini, kuma tana ƙara shi da zarar amsoshi masu kyau sun fara dawowa.

Abin da ya fi ba ni haushi a lamarinka shi ne, wahalar banza ka sha. Asteroids@home, da ake gudanarwa daga Jamhuriyar Cek don gano siffar duwatsun sararin samaniya daga yadda haskensu ke sauyawa, da ma tana da nau'o'in manhajar a ajiye daidai da furosesa daban-daban. BOINC na gaya wa uwar garke abin da furosesanka ya iya, ita kuma ta gwada maka waɗanda za su shiga, ta ga wadda ta fi gudu a na'urarka, ta tsaya a kanta. Da ka duba sunan manhajar a jerin ayyukanka kafin ka taɓa komai, da wuya ba ka ga avx a jiki ba. Ranar da ka sa app_info.xml kuwa, ka ce wa uwar garke ta cire hannunta ke nan. Ba za ta ƙara sabunta maka komai ba, in sun canza manhaja kai za ka bi da kanka, in ka makara aikinka ya riƙa faɗuwa. SETI@home ta daina rabon aiki a ƙarshen Maris 2020, kuma ni dai tun daga lokacin ban sake sa wannan fayil a kowace na'ura ba. Sannan fayil mai .exe da ya biyo ta WhatsApp, wanda aikinsa shi ne ya riƙe furosesa ɗari bisa ɗari dare da rana, ta yaya za ka bambance shi da na ɓarayin da ke haƙar kuɗin kirifto da wutar mutane? Daga shafin masu aikin kawai ake saukewa.

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bukuru. Ina so in nuna wa ɗalibaina neman manyan lambobin da ba sa rabuwa, sai na sa Prime95 a laftof ɗina, EliteBook 840 G3. Na duba, tana da AVX2. Amma da na kunna sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, zafi ya kai digiri 97. In koma SSE2 ne?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, kuma kin zaɓi abin nunawa mai kyau. Shirin GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996 shi ya gano lambar da ta kafa tarihi a Oktoban 2024: a ninka 2 da kanta sau 136,279,841 a cire 1, lamba mai alƙaluma 41,024,320. Ki sa yaran su lissafa littafi nawa mai shafi 80 za ta cinye in za a rubuta ta da hannu.

Ita Prime95, manhajar shirin GIMPS ɗin, ba ta buƙatar ki zaɓa mata komai, da kanta take duba furosesa ta ɗauki hanyar da ta fi sauri. Shi ya sa mu masu gyara muke gwada kwamfuta da ita kafin mu miƙa wa mai ita: wadda ta jure awa guda a hannun Prime95 ba za ta ba ka kunya ba. Babbar tanda itace take ci. Furosesan da ke cikin 840 G3 an yi shi ne ya zauna a kan watt 15, cikin jiki siriri da fanka ɗaya. In AVX2 ta buɗe wuta, zafi ya doshi 100, sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Duk da haka, a yawancin gwajin da na yi a shago, AVX2 mai rage gudu ta fi SSE2 mai cikakken gudu fitar da aiki, sai dai ribar ba ta kai ninkin da ake yayatawa ba. Akwai dalili na biyu ma. Tanda komai girmanta, in mai miƙo ƙullu ɗaya ce kuma tana jan ƙafa, gurabe za su zauna wayam. Ƙullun a nan shi ne RAM. Irin wannan lissafin yana jan bayanai da yawa, kuma laftof mai sandar RAM ɗaya rabin hanya kawai take amfani da shi. Sanda biyu masu 4GB sun fi ɗaya mai 8GB a wannan aikin.

Don haka kada ki koma baya, ki rage wutar. Abu na farko, ƙura. Mutane na cewa ai Jos garin sanyi ne, kwamfuta ba ta zafi. Su zo shagona a watan Fabrairu. Makon jiya na buɗe wata irin taki, na ciro wani abu tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar guntun bargo, ja-ja, ƙurar hunturu da zaren darduma sun haɗu sun toshe hanyar iska ruf. Farin man da ke kan furosesa kuma ya bushe ya zama kamar alli. Daga bushe ta da bulowa da sa sabon mai, zafinta ya sauko sosai ba a taɓa manhaja ba. Abu na biyu, a saitin wutar Windows akwai inda ake ƙayyade iyakar ƙarfin furosesa. Ki mayar da shi 99 maimakon 100. A yawancin laftof ɗin Intel wannan ɗigo ɗayan yana kashe turbo, wato ƙarin gudun da furosesa kan yi da kansa, zafi ya faɗi, aiki kuma bai ragu da yawa ba. Na uku, ɗora ta a kan tebur, ki ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Ban da katifa, ban da cinya.

Masu BOINC, ku ma ku ji: in za ku rage zafi, ku rage yawan ƙwayoyin furosesa da ke aiki, ku bar saitin kason lokaci a 100. Shi wancan kunnawa da kashewa yake yi daƙiƙa-daƙiƙa, zafi na hawa yana sauka, fanka na shiga uku.

Sai dai Malama, gwajin lamba ɗaya sabuwa a laftof irin taki, da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, aikin watanni ne. Prime95 na ajiye inda ta tsaya duk rabin awa, ba za ki yi asara mai yawa ba in an ɗauke wuta, amma zango zai ƙare yara ba su ga sakamako ba. PrimeGrid, wani shirin neman irin waɗannan lambobin a BOINC, na da ƙananan ayyuka da ke ƙarewa a yini ko ƙasa da haka. Da su zan fara in ni ne.

Tambaya: Ina da cibiyar koyon kwamfuta a kan titin Bauchi, na'ura 20, Dell OptiPlex 7010 da 9020 a haɗe. Da dare zaman banza suke. Ɗan ƙanwata ya ce a sa su aikin binciken ruwan sama na Afirka, ya ce zai sa musu manhaja mafi sauri duka. Sadaka nake so in yi da su. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓa, ya saka da alheri. Aikin da yaron ke nufi na World Community Grid ne, wanda IBM ta kafa a 2004 kafin ya koma hannun cibiyar Krembil ta Toronto. An fara na ruwan saman a 2019 tare da Jami'ar Delft ta Holan, don a inganta hasashen damina ga ƙananan manoma a Afirka kudu da Sahara. Niyya ta yi kyau. Amma ka ce wa yaron ya karanta amsar farko, domin kuskurena yake shirin maimaitawa: 7010 ƙarni na uku ne, 9020 na huɗu, fayil ɗaya "mafi sauri" zai kashe aikin rabin ɗakin. Ya sa BOINC yadda take, uwar garke ta ba kowace na'ura abin da ya dace da ita.

Sannan a yi lissafin wuta tun kafin mita ta yi maka shi. Mu ƙaddara kowace na'ura na jan watt 80 in tana aiki sosai, allo a kashe. Awa 10 kowane dare, kwana 30, yunit 24 ke nan. Sau 20, yunit 480. In layinka na Band A ne, inda aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, kana maganar wajen naira 100,000 a wata a farashin wancan lokacin. Sadaka ce, amma gara ka san adadinta, ka kuma auna ta da buhun masara nawa za ta saya. Da janareta kuwa ko kusa. Inda abin yake zama kusan kyauta shi ne in kana da sola: da rana tsaka, batura sun cika, hasken na zuba a banza. Wannan wutar ce ta dace da aikin, kuma BOINC na da saitin da za ka ce mata daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza kawai.

Wani abu game da aikin ruwan saman shi kansa: ƙunshinsa manya ne, suna cin data da RAM, suna daɗewa, kuma sau takwas kacal suke ajiye inda suka tsaya daga farko zuwa ƙarshe. In aka ɗauke wuta ana dab da wurin ajiya, aikin awanni ya tafi. Na'urar da ba ta kan inbata, a ba ta ayyuka gajeru. Kuma a fara da biyu, ɗaya 7010 ɗaya 9020, sati guda. A duba shafin sakamako a ga nawa aka karɓa a matsayin ingantattu, domin yawancin ayyukan nan ana tura ƙunshi ɗaya ga na'ura biyu ne a gwada amsoshinsu, wadda ta saɓa ba ta da maki komai saurinta. A duba mita kafin da bayan. Abin da nake aunawa ke nan, ingantaccen aiki nawa yunit ɗaya ya haifar.

Tunda na'urorin naka ne, ba matsala. Ma'aikatan ofis da na makarantu da ke karanta wannan, kada wanda ya sa a kwamfutar da ba tasa ba sai da izini a rubuce. A 2009 wani jami'in kwamfuta na makarantun wata gunduma a Arizona ta Amurka ya rabu da aikinsa a kan SETI@home da ya baza a dubban na'urorin makaranta.

Tambaya: Yallaɓai, waya fa? Kuma makin nan ana canza shi ya zama kuɗi? Daga mai sayar da kayan waya, Taminus.

Amsa: Ɗan'uwa, BOINC na aiki a Android, kuma a can ba ruwanka da SSE ko AVX, domin furosesan waya na ARM ne, tasa tandar NEON ake ce mata, manhajar ce ke zaɓa. Ba ta fara aiki sai waya na caji kuma batir ya kusa cika, in ya yi zafi ta tsaya. Tsohuwar waya da ke kwance a durowa ta dace, ban da wadda kake kasuwanci da ita, kuma in ka ga bayanta ya fara kumbura ka cire ta nan take.

Maki kuwa maki ne kawai, na alfahari tsakanin 'yan sa-kai. Akwai wani kuɗin kirifto, Gridcoin, da ke ba masu BOINC ɗan lada, amma ban ga wanda ya mayar da kuɗin wutarsa da shi ba. Ni nawa makin sun haura shekara goma suna taruwa, ko katin waya ba su taɓa saya min ba. Wanda ya turo tambaya a kan katin hoto na Nvidia da Folding@home, wani shirin sa-kai irin wannan, na ga saƙonka, sai fitowa ta gaba, ka turo min lambar katin da ƙarfin akwatin wutar kwamfutarka.